Maigidana ya farfaɗo daga aikin zuciya amma yace ni ce nake son kashe shi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana ki taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Maigidana aka yi wa aikin zuciya, irin wanda ake buɗe ƙirji a canja wa jini hanya, shekarunsa 58. Likitoci sunce aikin yayi kyau amma huhunsa ya samu matsala sai da ya kwana huɗu a kan injin numfashi, yanzu an cire masa robar bakin yana numfashi da kansa amma har yau yana ɗakin kulawa ta musamman. Damuwata itace mutumin da ya farka ba mijina bane Anti. Wani lokacin ya gane ni, wani lokacin ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Shekaranjiya a gaban nas ya kalle ni yace ni ce na haɗa baki dasu a kashe shi, ya fizge robar ƙarin ruwan hannunsa har jini ya zuba. Yayarsa tana wajen ta ji, yanzu tana ta gaya wa dangi wai marar lafiya baya ƙarya, wasu kuma sunce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu shikenan. Bana bacci, a kujerar baranda nake kwana. Shin haka zai zauna? Maganar nan dama tana ransa ne? Ko in daina shiga wajensa tunda ganina yana tayar masa da hankali?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Bari in fara da tambayar da nasan ita ce take hana ki bacci, ba kujerar barandar ba. A'a, maganar nan bata ransa. Abinda kika zayyana min, yau ya gane ki gobe ya kira ki da sunan mamaciya, zargi, fizge roba, duk alamomin abu ɗaya ne da masu aikin ɗakin kulawa ta musamman suka sani kamar yunwar cikinsu, suna ce masa diliriyom, wato ruɗewar ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci saboda tsananin ciwo. Ni ban duba shi ba, likitansa ne zai tabbatar, amma yadda abin yake zuwa ya tafi ɗin nan, safe daban dare daban, shine babban tambarinsa. Kuma ba mijinki kaɗai ba, a cikin marasa lafiyan da aka ɗora a kan injin numfashi bincike da yawa sun nuna rabi ko fiye da rabi suna shiga wannan halin. Kin taɓa zama da yaro mai zazzaɓi mai zafi yana sambatu, yana nuna bango yace ga wani abu can yana tahowa? Ba wanda yake riƙe yaron da abinda ya faɗa. To wannan babban yayansa ne.

Ki ɗan tsaya ki lissafa abinda ƙwaƙwalwar bawan Allah nan ta gani. An sa masa maganin bacci mai ƙarfi na awanni, an tsaga ƙashin ƙirjinsa, a irin wannan aikin sau da yawa ma tsayar da zuciyar ake yi inji ya karɓi aikinta da na huhu har a gama. Sannan kwana huɗu ana zuba masa maganin kwantar da jiki dan ya iya jure robar da ke maƙogwaronsa, ga ciwo, ga matsalar huhu, ga fitila da bata mutuwa dare da rana, ga na'urori suna ta ƙara, ga mutane da takunkumi a fuska suna zuwa su juya shi su soka masa allura su zuƙe masa majina da tiyo ba tare da ya iya cewa uffan ba, dan robar ta bi ta tsakanin igiyoyin murya ne. Mutumin da yake rabi bacci rabi ido biyu yana ganin wannan, wane labari ƙwaƙwalwarsa zata haɗa masa? An kama ni, ana azabtar da ni, za a kashe ni. Wlh wannan labarin shine wanda masu fitowa daga ɗakin suka fi bayarwa. Ke kuma me ya kawo ki ciki? Ke ce fuskar da ya sani, kuma yana ganinki kina tsaye kina magana da masu takunkumin kina gyaɗa musu kai, wataƙila har kin taya su riƙe masa hannu. Shikenan an sa ki a labarin. Shi yasa zaki ga wanda yafi kusa da marar lafiya, wanda baya gusawa, shi ne yake shan zargin, wanda yazo ya leƙa minti biyar ya tafi babu ruwansa.

Maganar yayarsa wai marar lafiya baya ƙarya, toh ai ba ƙarya yake ba, da gaske abinda yake gani kenan, sai dai abin da yake gani ne babu shi. Mutumin da ya kira ki da sunan wadda ta rasu, a ɗauki waccan a matsayin ruɗewa a ɗauki wannan a matsayin shaida? Kar ki tsaya cacar baki da ita, baki da ƙarfin da zaki ɓatar a nan. Ki roƙi likita ko babbar nas su zauna da ku ku biyu ko da minti goma ne su yi bayanin diliriyom da bakinsu. Abinda zaki faɗa sau ɗari a ce kare kanki kike, likita zai faɗa sau ɗaya ya zauna. Itama fa tsoro ne yake cinta, ƙaninta ne a kwance, wasu in tsoro ya kama su kuka suke wasu kuma neman mai laifi suke, ban ce ta kyauta ba amma ki san da haka.

Yanzu aikin da ke gabanki. Na farko gobe in likitoci sunzo zagaye ki faɗa musu a fili, wannan ba halinsa bane, kafin aikin nan lafiyar hankalinsa ƙalau yana harkokinsa. Kar ki ɗauka sun sani, su a kwance suka fara ganinsa, ke kika san shi a tsaye. Ki tambaye su, ana gwada shi dan diliriyom? Akwai gwaji na musamman da wani likita Wes Ely da abokan aikinsa na jami'ar Vanderbilt a Amurka suka fitar a 2001, nas ce take yi a bakin gado cikin ƴan mintuna, zata karanto haruffa tace ya matse hannunta duk lokacin da yaji harafin A, sannan ta yi masa tambayoyi irin su dutse yana iyo a kan ruwa? akwai kifi a cikin teku? In kika ga ana masa irin wannan kar ki ji haushi kice raina shi ake, auna hankalinsa ake yi. Sannan ki tambaya me suke ganin yake jawo shi, dan diliriyom hayaƙi ne akwai wuta a wani waje, ko ƙwayar cuta a huhu ko a fitsari ko a wajen ɗinkin, ko ƙarancin oksijin, ko gishirin jini ya hau ko ya sauka, ko ƙoda, ko ciwo da ba a kashe masa sosai ba, ko wani magani da ake bashi, har rashin bayan gida da riƙewar fitsari suna sa shi. Kuma dan Allah, wannan kar kunya ta hana ki, in yana shan wani abu kullum kafin a kwantar da shi, ƙwayar bacci ko tiramol ko sigari ko giya ko wani haɗin magani, ki ja likita gefe ki gaya masa, yankewar abin farat ɗaya kaɗai tana iya birkita mutum kuma akwai abinda zasu yi a kai in sun sani.

Abu ɗaya da bana so ki jira zagaye a kansa, in kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta saki, ko maganarsa ta koma ta lauye baki ɗaya, ki kira nas a take. Shanyewar ɓarin jiki tana iya biyo bayan aikin zuciya kuma ita da lokaci ake tsere. Haka nan in ya yi shiru da yawa, yana kallon sama baya kula kowa, kar ki ce Alhamdulillah ya samu natsuwa, akwai diliriyom na shiru kuma shi aka fi tsallakewa ba a gane ba tunda baya damun kowa. Shima ki faɗa.

Kika ce ko ki daina shiga. Kar ki daina. A tsarin kula da masu irin wannan ciwon da asibitoci da yawa suke bi yanzu, shigar iyali wani rukuni ne guda a cikin maganin, ba alfarma ake muku ba. Amma ki canja yadda kike shiga. Ki wanke hannu ko ki shafa sanitaiza kafin ki taɓa shi, kullum, ko sau nawa kika fita kika dawo. Ki zo ta inda zai ganki, ki zauna dan fuskarki ta zo daidai da tasa, tsayuwa a kan mutumin da ke kwance tsoro take ƙara masa. Ki faɗi sunanki ko da kina ganin ya gane ki, ki ce yau Talata ce, da safe ne, kana asibiti, an maka aikin zuciya kuma aikin yayi kyau, yara suna lafiya suna gaishe ka. Gajeru gajeru, murya ƙasa, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Anjima ki sake faɗa, gobe ma ki sake, zaki gaji da maimaitawa amma aikin kenan. Kar ki riƙa masa jarrabawa, wacece ni? ka tuna wane? Yana jin kunya da tsoro in ya kasa, ki bashi amsar kawai. In yana sa tabarau ki kawo masa, in yana da na'urar ji a kunne ki kawo, mutumin da baya gani sosai inuwar labule ma mutum ce a wajensa. Agogo mai manyan lambobi inda zai gani, hoton yara, in an yarda a buɗe labulen taga da rana, da daddare kuma ki roƙi a rage fitila da hayaniya gwargwadon iko dan ya samu baccin gaske.

In ya sake cewa kina son kashe shi, kar ki yi rantsuwa kar ki yi musu, kuma kar ki biye masa kice eh ga su can na gansu. Ki amsa tsoron, ki bar zargin. Ki ce na ga kana jin tsoro, ina nan, ba zan bari a cuce ka ba, waɗannan nas ne suna maka magani. In hankalinsa yana ƙara tashi ki fita ki bashi minti goma sha biyar, ki sha iska ki yi kukanki in zaki yi, ki dawo, sau da yawa zaki tarar abin ya wuce ma ya manta. In ranar gaba ɗaya ke ce abar zargi toh a ranar wani ya zauna, babban ɗansa ko wanda ya yarda dashi, wannan ba faɗuwarki bace. Kuma ki rage ƙus-ƙus da nas a bakin gadonsa, in zaku yi magana a kansa ku sa shi a ciki ko ku fita waje. Hannunsa kuwa in kika tarar an sa masa wata safa mai kauri ko an ɗan ɗaure, nasan zai miki ciwo, dan kar ya fizge abinda ke riƙe da ransa ne, amma kina da ikon tambaya ko za a iya kwance masa lokacin da kike zaune kusa.

Shin haka zai zauna? Mafi yawa yana washewa cikin kwanaki, wasu makonni, yayin da jiki yake samun sauƙi ana janye magunguna. Amma ba zan miki daɗin baki ba, wasu ko bayan sun koma gida sukan yi watanni suna fama da mantuwa, ko kasa tattara hankali, lissafin da da yake yi a ka yanzu sai ya ɗauki biro, kuma an gano cewa iya tsawon kwanakin ruɗewar iya yiwuwar hakan. Shi yasa nake ta matsa miki a nemo dalilin da wuri maimakon a zauna ana cewa zai wuce.

Sai maganar jiki, wadda baki tambaya ba amma tana nan tafe. Wanda ke kwance a ɗakin nan tsokarsa narkewa take da sauri, a makon farko kusan kashi 2 cikin 100 a kowace rana. Ranar da za a ce ya zauna a bakin gado zaki ga ƙato guda yana rawar jiki yana haki, zuciyarki zata ce a ƙyale shi ya huta mana, mutumin da aka tsaga wa ƙirji. Ki danne. Wani bincike da aka wallafa a 2009 da aka yi a asibitocin jami'a biyu a Amurka a kan marasa lafiya 104 masu injin numfashi, waɗanda aka fara motsa su da wuri kashi 59 cikin 100 sun bar asibiti suna iya yi wa kansu hidimar yau da kullum, waɗanda aka bi dasu yadda aka saba kashi 35 ne kawai, kuma kwanakin ruɗewar masu motsin biyu ne, na waɗancan huɗu. Kinga motsin ma maganin ƙwaƙwalwar ne. Dan haka in masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu motsa jikin marar lafiya, sunzo ki zama ƴar gabansu, ki tambaya a bashi maganin ciwo kafin su fara. Tari ma dole ne ya yi dan huhun ya buɗe, zai ƙi saboda zafi, ki miƙa masa filo ya rungume a ƙirji ya danna sannan ya yi, in sun bashi ƴar robar nan mai ƙwallaye da ake zuƙar iska ki riƙa tuna masa. Kar ki ja shi ta hannu in zai tashi, kar ya dogara da hannayensa ya ture jikinsa da ƙarfi, ƙashin ƙirjin da waya aka ɗaure shi kuma yana ɗaukar sati shida zuwa takwas ko fiye kafin ya haɗe, su nuna miki yadda ake ɗaga shi. Kan gadon da kika gani a ɗage da gangan ne, kar wani mai tausayi ya zo ya kwantar.

Kuma ko ya roƙe ki da Allah da Annabi kar ki bashi ruwa ko wani abu a baki sai nas tace an duba haɗiyarsa. Bayan an cire robar nan maƙogwaro baya komawa daidai nan take, ruwan sai ya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu, wani ko tari ba zai yi ba, huhun da ake lallaɓawa kuma. Ki tambaya ko zaki iya jiƙa masa leɓe. Wannan ki gaya wa duk mai shiga, dan ba ke nake tsoro ba, masu zuwa da ƙullin abu a jaka suna cewa ɗan kaɗan ne ba komai nake tsoro.

Dangi kuwa a samu mutum ɗaya, ba ke ba, ya zama shi ne mai bada labari, sau ɗaya a rana ya rubuta a guruf ɗin WhatsApp kowa ya karanta, wayarki ta huta. Masu shiga bibbiyu, kar a daɗe, mai mura ko tari ya yi addu'arsa daga gida, kuma ba ɗaukar hoto, ba wanda zai so a yaɗa hotonsa da roba a hanci baya cikin hayyacinsa.

Ke kuma ƙanwata, tashi daga kujerar nan. Da gaske nake. Duk tsawon jinyar nan babu lokacin da yake da masu tsaro kamar yanzu, nas tana kansa dare da rana, na'ura tana ƙirga kowane bugun zuciyarsa, galibin ƙarar da kike ji ma kina zabura waya ce ta goce ko ya motsa hannu, ki kalli fuskar nas ba allon ba. Lokacin da zai buƙace ki da gaske shine ranar da aka mayar dashi ɗakin marasa lafiya na gama gari, nas ɗaya mutane da yawa, da ranar da aka sallame ku ya zama ke ce nas ke ce fisiyo. In kika ƙarar da kanki a baranda wa zai yi wancan? Ki bar lambarki, ki tabbatar zasu kira ki in wani abu ya canja, ki je gida ki yi wanka ki kwanta a gado, yaranki su ganki dan suma a tsorace suke. Tun 2010 ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta sa wa matsalolin da ke bin mutum bayan ya fita daga ɗakin nan suna, raunin jiki, mantuwa, damuwa, firgita, kuma suka ware wani ɓangare na iyali dan sun ga masu jinya ma suna kamuwa da rashin bacci da fargaba da baƙin ciki har bayan marar lafiyan ya miƙe. In kika ga makonni suna tafiya ƙarar waya kaɗai tana sa gabanki faɗuwa, ko bacci ya ƙi ko a gida, ki ga likita ke ma.

Sannan ki samu ɗan littafi da biro ki fara rubutu daga yau. Gefe ɗaya tambayoyinki, dan likita yana tsayawa kai yake ɗaukewa, me ya canja daga jiya, me muke jira kafin a fitar dashi daga nan, me kuka fi jin tsoro yanzu. Ɗaya gefen kuma labarin ranar, layi huɗu biyar, yau ka zauna a kujera minti goma, yau an cire robar ƙirji, wane yazo, kace kaza. Nas nas na ƙasar Denmak ne suka fara wannan a shekarun 1980 ya bazu, saboda mutum yana fita daga ɗakin nan da rami a ƙwaƙwalwarsa, kwanakin gaskiya sun ɓace mafarkan kuma suna nan daram kamar jiya aka yi, littafin ne zai taimaka masa ya raba wanne ya faru wanne bai faru ba. Ba ranar da ya dawo gida zaki ɗora masa ba, ki ajiye sai ya fara tambaya da kansa, wai ni kwana nawa nayi a can, me ya faru dani.

Maganar da ya faɗa miki kuwa, akwai yiwuwar ba zai tuna ba sam, akwai yiwuwar ya tuna ya riƙa jin nauyinki ya kasa tada zancen, ko ma ya zamana har yanzu wani ɓangare na zuciyarsa bai gama yarda mafarki bane. In ya kawo zancen ki saurare shi har ƙarshe kar ki yi dariya, ki gaya masa sunan abin da cewa likitoci sun san shi. In mugayen mafarkan suka ci gaba ko yaƙi yarda a koma asibiti ganin likita saboda tsoro, ki faɗa a ranar komawa, akwai masu kula da wannan. In kuma bai tuna ba ni a ganina ba sai kin bashi ita kalma da kalma ba, amma ki riga yayarsa, ki gaya masa da bakinki cewa ya yi ruɗewa ya zargi mutane har da ke, kar ya fara ji daga wani wajen da an ƙara mata gishiri.